Faɗin Kafaɗar Tsinke

A garinmu kowa ya san tsayin daɓen gidansa kamar yadda ya san shekarar haihuwarsa. Tare tsohuwa a bakin kanti ka tambaye ta, za ta ce maka mita goma sha biyu da ɗigo huɗu a ma'aunin kogi, ko jakar cefanenta ba za ta ajiye ba. Kogi ne ya koya mana haka. Gidajenmu na katako ne a kan dogayen ƙafafu, in rediyo ya ce ruwa zai kai kaza, sai kowa ya gwada da nasa adadin, ya kwashe kayan ƙasa ya hau da su, ya ɗora shayi ya zauna jira. Har wani alfahari muke yi da abin, mu da wautarmu.

Neville Roder kafinta ne ɗan kafinta. Kakanninsa daga Italiya suka zo saran daji, shi kuwa a nan aka haife shi, bayan masana'antar sukari. Dogo ne siriri, irin wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ranar da ya fara zuwa zance wurin Glenys, ƙanwarta Dulcie ta leƙo ta taga ta ce wa uwarsu ga wani tsinke can a ƙofa ya sa hula. Sunan ya bi shi shekara hamsin. Ba ya amsa shi a bakin kowa sai a bakin Dulcie, ita ma ɗin sai ya harare ta tukuna.

Rabin silin ɗin da ke layinmu shi ya buga. Ana gane aikinsa da abu ɗaya, ƙofar silin, wato ɗan ramin nan da ake bari don mai gyaran wuta ya shiga ƙarƙashin kwano. Wasu kafintoci sukan bar ta hangame a tsakiyar falo kamar an cire wa gida haƙori. Neville kuwa yakan kai tasa lungun baranda ta ciki, ya matse ta tsakanin katakan silin biyu, inci goma sha shida, ya yi mata murfi da sai ka ɗaga kai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Ba ya ma sa tef ɗin awo. Yakan hau tsani ya zura kafaɗunsa, ya leƙo ƙasa ya ce wa mai gida, “In na wuce, ta yi.” Sai a yi dariya, a ba shi shayi.

Yana da hujjarsa. Ubansa ya hore shi tun yana koyon riƙe guduma cewa katakon silin ba abin taɓawa ba ne, kowane ɗaya yana riƙe da bangon nan da bangon can don kada nauyin rufi ya buɗe su. Neville ya riƙe wannan magana kamar karatun coci. Ya shekara hamsin yana aiki bai taɓa ɗora zarto a kan ko ɗaya ba, kuma yana faɗin haka da bakinsa a duk inda kafintoci suka taru.

Glenys kuwa Allah ya hore mata jiki, ya haɗa mata da fara'a. Ita ke dafa abinci a makarantar firamare har ta yi ritaya, kuma yaran da suka ci abincinta yanzu su ne masu furfurar garin. Ba su samu haihuwa ba, ita da Neville. Dulcie, wadda jikinsu ɗaya da yayarta kamar an zuba su a kwano guda, ta yi aure a gidan da ke kallon nasu. Kullum ƙarfe goma na safe takan tsallako titi da kek ɗin ayaba a faranti, su zauna a kicin su sha shayi su yi gulmar gari. In Neville ya shigo wanke hannu, sai ta ce, “Yaya, rufe taga kada iska ta ɗauke miki miji.” Shi kuma ya ce kujerar da take kai shi ya haɗa ta, kuma bai haɗa ta don ɗaukar mutum biyu ba.

Da babban ruwa ya zo, Dulcie ba ta gari, ta hau tudu wurin 'yarta da ta haihu. Rediyo ya ce ruwa zai tsaya a sha ɗaya da rabi. Daɓen Neville sha biyu da ɗigo shida ne, shi da kansa ya ɗaga gidan ya wuce alamar ambaliyar shekarar saba'in da huɗu da tafin hannu guda. Saboda haka suka yi abin da kowa ya yi, suka hau da kaya, suka ɗora shayi. Da gari ya waye ruwa ya cinye matakala. Ƙarfe bakwai ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin tara ya kai ƙugu, a waje kuwa yana gudu da shanu da tankunan gas, ba mai fita ya rayu.

Neville ya kafa tsani a baranda ta ciki, ya ture murfin, ya shige kamar yadda ya saba. Ya kwanta a kan katako ya miƙo hannu. Kan Glenys ya wuce, hannu ɗaya ya wuce, kafaɗa ɗaya ta wuce, daga nan abu ya tsaya. Sau uku suna gwadawa, har fatar haƙarƙarinta ta saluɓe. Zartonsa da gudumarsa da duk abin da ya mallaka na aiki suna rumfar ƙasan gida, ruwa ya shanye su. Ya kama katakon da hannu yana girgizawa, katakon daji ne da ya shekara arba'in yana bushewa a ƙarƙashin kwano, ko ƙusa ba ta shigarsa sai an huda. Shi ya zaɓe shi da kansa saboda taurinsa.

“Bar shi haka, Nev,” in ji Glenys. “Kai ka zauna can.”

Bai zauna ba. Ya sauko, suka hau teburin kicin su biyu, ruwa a ƙirjinta, yana riƙe da ita ta baya. Awa shida suka yi a tsaye kafin wasu masunta biyu su fasa taga su jawo su cikin ƙaramin jirginsu. Sanyin ya riga ya shige ta. Ta yi kwana goma sha tara a asibiti, huhu ya ƙi, ta cika.

A harabar coci, bayan an rufe ta, Dulcie ta zo ta tsaya a gabansa. Mutane suka matsa, sun zaci rungume shi za ta yi.

“Neville,” ta ce. Tunda suke bai taɓa jin sunansa na yanka a bakinta ba. “Da kafaɗarka ka auna. Shekara arba'in da tara kana kwana kusa da ita, ba ka taɓa juyawa ka dubi faɗinta ba.”

Ni dai ina wurin, kuma har yau ina ganin bai kamata a faɗa wa mutum haka a kan kabarin matarsa ba. Amma ba wanda ya ce ƙarya ta yi, shi ma bai ce ba. Ya sa hularsa ya tafi gida a ƙasa. Daga ranar ƙarfe goma ta zama kamar kowace sa'a a layinmu. Dulcie ba ta sake tsallaka titin ba.

Da gidaje suka bushe aka fara komawa, sai aka ga Neville, yana da shekara saba'in da shida, yana bi ƙofa ƙofa da tef a aljihu. Duk gidan da ya san shi ya buga silinsa sai ya ƙwanƙwasa. Ba ya doguwar gaisuwa. Tambayarsa ɗaya ce: “Wa ya fi kowa jiki a gidan nan?” An sha kallo. Wata mata ta nuna mijinta, mijin ya nuna ta, aka kwana uku ba a magana a gidan. Wani tsohon direban motar rake ya ce shi ba akwatin gawa ya yi oda ba da za a zo ana gwada shi. Neville ba ya dariya, ba ya fushi. Yakan tsaya da tef ɗinsa a hannu har mutum ya gaji ya ɗaga hannuwa sama. In sabon gida ne mai rufin da aka haɗo daga masana'anta, yakan ce wannan ba a yanka shi, a nemi injiniya. In tsohon aiki ne irin nasa, washegari da sassafe za ka ji zarto. Mutumin da ya yi rantsuwa da rashin yanka katakon silin ya yanka ashirin da uku cikin shekara biyu, ba ya karɓar komai sai shayi.

Gida ɗaya ya rage, shi ne wanda yake gani kullum in ya buɗe ƙofarsa. Silin ɗin Dulcie shi ya buga a shekarar tamanin da ɗaya, inci goma sha shida cif. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a ciki, ga gwiwa ta fara ba ta wahala. Sau uku yana zuwa. Na farko ta rufe ƙofa a fuskarsa, na biyu ta yi kamar ba ta nan alhali rediyonta na magana, na uku ta aiko masa da amsa ta bakin maƙwabciya cewa ya riga ya yi wa danginsu aikin da ya ishe su. Duk daminar da ta zo, Neville kan zauna a barandarsa ya zuba wa rufinta ido, abinci ma ba ya iya ci. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai ji ba ko a kan teburin nan.

A Fabrairu na uku aka yi kwana huɗu ana ruwa a kan tuddai, rediyo ya fara karanto adadi. Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe ya ɗauki tsani a kafaɗa, ya tsallaka, ya dawo ya ɗauki katako, ya sake dawowa ya ɗauki akwatin aiki. Ya jera su a barandarta. Ta buɗe ƙofa da rigar barci da kofi a hannu.

“Wa ya kira ka?”

“Ba kowa.”

“To ga hanya nan, ba ta canja wuri ba.”

“Dulce, ki tsane ni har ranar da za ki mutu, ban hana ki ba. Amma ki tsane ni daga saman silin.”

“Ji mini mutum! A gidana za ka gaya mini inda zan zauna?”

“Kin ji rediyo.”

“Na ji. Sha ɗaya suka ce.”

“Wancan karon ma sha ɗaya da rabi suka ce.” Ya cire hula, ruwa na ɗiga daga gefenta. “Ba zan iya sake tsayawa a kan tebur ba, Dulce. Ƙafafuna ba za su kai awa shida ba yanzu. In na sake ki cikin ruwa fa?”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ciki, ta bar ƙofar a buɗe.

“Goge ƙafarka. Jiya na wanke daɓen nan.”

Da ya zaro tef ya nufo ta, ta fizge shi. “Kul! Ko mijina bai taɓa ba.” Ta shige ɗaki ta auna kanta, ta fito ta faɗi adadin ƙasa-ƙasa tana kallon bango. “In na ji shi a bakin wani a garin nan, sai na binne ka da raina.” Neville ya rubuta a bayan hannunsa, ya ƙara inci huɗu. Ta ce ƙarin na mene ne, zagi ne? Ya ce na rigar sanyi ne in ta jiƙe, kuma mutum in ya tsorata ba ya iya matse jikinsa.

Ya kashe wutar gidan, ya hau. Ƙarƙashin kwano ko ana ruwa zafi ne, ga ƙura ta shekara arba'in da kashin ɓera. Ya janye wayoyin wuta gefe. Ya ɗauko wani katako mai kauri ya gicciya shi a kan katakan silin biyar, ya ɗaure wanda zai yanka a jikinsa da dogayen kusoshi masu murɗi, don in an yanke shi ya sami abin ratayuwa. Ya sauko ya kafa tokara biyu daga daɓe zuwa silin, ya bubbuga su har suka ɗauki nauyi. Ya koma sama ya ƙara wa katakan dama da hagu wani katako a jikin kowanne, tunda su ne za su gaji kayan ɗan'uwansu. Duk wannan kafin zarto ya taɓa komai, kuma shi ya ci rabin safiyar. Dulcie na ƙasa tana faɗa a kan ƙurar da ke zubo mata a kafet.

Da ya share ƙurar katakon da zai yanka don ya ja layi, sai ya ga rubutun fensir. Al'adar kafintoci ce su bar suna a inda ba mai gani. N. Roder, Mayu 1981, da hannunsa na ƙuruciya, harafin farko har da wata 'yar wutsiya ta yanga. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon rubutun. Ya tuna ranar, ya tuna ya leƙa ƙasa ya ce in ya wuce ta yi, Dulcie da Glenys suna tsaye a gindin tsani suna dariya, su biyun da ba wadda za ta wuce. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

“Ka mutu ne a can?” in ji Dulcie daga ƙasa.

“Saura kaɗan.”

Ya ja layi biyu, ya bar wurin kaurin katakan da za su tare bakin yankan. Zarto mai batir ya yi ta kuka yana hayaƙi, katakon ya ƙi, sai da ya ƙarasa da zarton hannu, gumi na shiga masa ido. Guntun ya rabu, silin bai ko motsa ba. Ya miƙo shi ƙasa ta tsohon ramin. Dulcie ta karɓa, nauyin ya ba ta mamaki, ta juya shi ta ga sunan. Ta kai shi kicin ta ajiye a kan tebur.

Sauran aikin hannunsa ya san shi. Ya gicciya katako bibbiyu a kowane bakin yanka, daga na dama zuwa na hagu, ya huda kafin ya ɗaure, ya sa ƙarfen riƙo a kowace kusurwa. Ya yanke allon silin ya bi sabon faɗin, ya kewaye bakin da siririn katako mai santsi don kada ya kama tufa ko fata. Ya sa tsani mai naɗewa da abin riƙewa. A sama ya shimfiɗa faffaɗan katako na zama, ya ajiye gatari da almakashin yanka kwano da gorar ruwa da bargo a cikin leda. Ramin ya fito ƙato, muni kuwa ba a magana, a tsakiyar baranda inda duk baƙon da ya shigo zai fara gani. Ya cire tokara ɗaya, ya saurara, ya cire ta biyu.

“Hau,” ya ce.

“Na gani ai. Ya yi.”

“Ban yarda da gani ba. Sa rigar sanyinki ki hau.”

Ta zage shi, ta zagi gwiwarta, ta sa rigar. Yana bayanta tana hawa mataki ɗaya ɗaya. Kanta ya shige, kafaɗu suka shige, ƙugu ya shige, ko gefe ba ta taɓa ba. Ya biyo ta. Suka zauna a kan katakon, kawunansu a sunkuye saboda rufi, ruwa na dukan kwano a saman su. Dulcie ta dubi ramin ta sama, ta ga daɓenta can ƙasa, ta ga yadda abin yake da sauƙi. Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko a coci. Neville bai taɓa ta ba, bai kuma ce ta yi haƙuri ba.

Da ta lafa ta share hanci da hannun riga. “Yaya ta ji tsoro?”

“Da fari. Daga baya sai surutu.”

“Me ta ce?”

“Ta ce kada in kuskura in gaya miki ta maƙale. Wai za ki yi mata dariya har a kabari.”

Dulcie ta yi wata irin ƙara, rabi dariya rabi kuka, ta dafe baki. “Shegiya Yaya! Da kuwa na yi, wallahi da na yi.”

“Naka fa?” ta ce. “Inci nawa ka mai da shi?”

“Ban taɓa shi ba.”

“Gida ashirin da huɗu, ka bar naka? Don me?”

Neville ya dubi hannuwansa. “Ni ai ina wucewa.”

Maganar ta daki Dulcie, don sai a lokacin ta gane cewa kusan shekara uku mutumin nan yana bi ta ƙarƙashin ramin da ya hana Glenys wucewa safe da yamma, shi kaɗai a gidan, kuma da gangan ya bar shi yana kallonsa. Ta jawo rigarta ta gyara zama, ta juya ƙafafu wajen tsani.

“To ni fa? In ruwa ya ritsa da ni a kicin ɗinka ƙarfe goma ina shan shayi, a kan wane teburin za ka ɗora ni?” Ta fara sauka tana nishi. “Kwashi tarkacenka, Tsinke, tun rana ba ta faɗi ba. Kuma ka share mini kafet kafin ka fita.”

Ya share. Ya ɗauki tsani ya tsallaka titi cikin ruwa, ya dawo ya ɗauki tokara biyun. A zuwa na uku Dulcie na bayansa da lema a hannu ɗaya, faranti a ɗayan, tana faɗa masa ya rage sauri, ba kowa ne iska ke turawa ba. Ta shiga kicin ta tarar da kofin yayarta a inda yake rataye, ta sauke shi ta ɗauraye. A baranda ta ciki Neville ya ɗaga kai ya dubi ƙaramin murfin, sannan ya kafa tokara ta farko a ƙarƙashin katakon.